Lauyan Shari'ar Aure da Aikin Neman Hujja

Namiji a ƙasar Hausa ba ya buƙatar lauya kafin ya saki matarsa. Kalma ɗaya ta ishe shi, ko layi biyu a fallen takarda, ko saƙon waya da tsakar dare. Mace kuwa, in zama ya gagara kuma miji ya ƙi sauwaƙe mata, ba ta da inda za ta sai gaban alƙali. A kan wannan bambanci sana'ar lauyan shari'ar aure ta kafu. Shi ya sa in ka leƙa ofishin irin wannan lauya a Kano ko Zariya ko Katsina, mata za ka fi tararwa a kan benci, wata da wanta, wata da kawunta, wata da mahaifiyarta. Maza ma suna zuwa, amma yawancinsu sai bayan sammaci ya riske su.

Sana'ar ba ta daɗe a kotunanmu ba. A zamanin En'e kotun alƙali ba ta san lauya ba, doka ma ta hana shi tsayawa a cikinta. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa da bakinsa, alƙali ya yi tambaya, muhuti ya rubuta. Ko da gwamnati ta karɓe kotunan daga hannun En'e ta mayar da su kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, hanin bai tashi ba. Sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka yanke cewa hana mutum ɗaukar lauya ya saɓa wa tsarin mulki, sannan ƙofa ta buɗe. Da jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa aiki da Shari'a, Zamfara a kan gaba, Kano ta mayar da kotunan yankinta kotunan Shari'a a shekarar 2000, kuma zuwa lokacin ganin lauya a gaban alƙali ya riga ya zama jiki. Har yau dai akwai dattawan da suke ganin kawo lauya a maganar aure tozarci ne, wasu ma su ce baƙon abu ne a addini. Ba haka ba ne. Fikihu ya san wakilci a husuma tun da daɗewa, littattafan Malikiyya sun ware masa babi, sun faɗi wanda ya halatta a wakilta da abin da wakili zai iya amsawa a madadin wanda ya naɗa shi. Abin da yake sabo shi ne digiri da lasisi da kuɗin aiki.

Hanyar shiga sana'ar doguwa ce. Shekara 5 a jami'a, a Kongo ta Zariya ko Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Maiduguri, inda ake haɗa wa ɗalibi dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962, ko a Bwari ko a Bagauda ko a Yola ko wani reshen, sannan a kira shi lauya a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Amma abin da ake koyarwa a can ya fi karkata ga tsarin Babbar Kotu. Ranar da sabon lauya ya fara tsayawa a kotun Shari'a ta Ƙofar Kudu a Kano, sai ya tarar da wata duniya. Ba hular gashi, ba dogon Turanci. Da Hausa ake magana, da Larabci ake kafa hujja. Dokar shaida ta 2011 da ya haddace ba ita ke aiki a shari'ar aure a wannan kotu ba. Alƙalin da ke gabansa mai yiwuwa ɗan Legal ne, wato Kwalejin Aminu Kano, ko kuma ya yi karatu a hannun malaman da suka fito daga makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A gaban irin wannan alƙali Risala ce da Muktasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim da sharhohinsu, Jawahirul Iklili da Bahja. Lauyan da ba ya iya buɗe waɗannan littattafai ya nuna babi da shafi, to aikinsa rakiya ce kawai, ko da kuwa ya fi kowa iya ɗaura kwat. Shi ya sa waɗanda suka yi fice a wannan fanni galibi 'yan makaranta biyu ne, sun yi zaure sun yi boko, kuma sun shafe shekaru suna ɗaukar fayil a bayan wani babban lauya kafin su buɗe nasu ofishin.

Zaman farko shi ne rabin aikin. Mace takan shigo da labarin shekara goma a bakinta, ta fara daga ranar da aka kawo lefe, ta bi ta kan kishiya da uwar miji da ranar da aka hana ta zuwa jana'izar mahaifinta. Gwanin lauya ba ya katse ta, domin a cikin wannan dogon labari abin da yake nema yake. Sai ta numfasa sannan ya fara tambaya. Wane irin aure aka ɗaura? Nawa ne sadaki, an biya duka ko da saura? Igiya nawa ta rage? Ya taɓa furta saki, a gaban wa, da wane lafazi? Akwai ciki? Yara nawa, shekarunsu nawa, a hannun wa suke yanzu? Sannan babbar tambaya: "Hajiya, me kike so kotu ta yi miki?" Da yawa ba su taɓa tsayawa sun amsa wannan tambaya ko a zuciyarsu ba. Wata rabuwa take so ko ta halin ƙaƙa. Wata so take a tilasta masa ya ciyar da ita, auren bai fita ranta ba. Wata an riga an sake ta, 'ya'yanta aka ƙwace. Kowacce da ƙofar da za a shiga, kuma in aka shiga ta ƙofar da ba ita ba, an yi asarar watanni da kuɗi, wani lokaci har da haƙƙin kansa.

Ga misali. Matar da miji yake duka ko zagi ko ya ƙaurace mata, mazhabar Malikiyya ta ba ta damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ba tare da ta biya ko sisi ba. Wannan rangwame ne babba da ba kowace mazhaba ce ta buɗe shi haka ba. Wadda miji ya kasa ciyar da ita, alƙali zai ɗibar masa lokaci, in bai gyara ba a sake ta a kansa. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, wata 4 ake ba shi. Wanda ya gaza a shimfiɗa, shekara guda. Wanda ya ɓace ba labari, in ya bar abin da za a ciyar da ita, shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara. Duk waɗannan hanyoyi suna nan a littafi. Amma abin da ya fi yawa a kotu shi ne hul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya. Dalilin a fili yake: hul'i ba ya buƙatar shaida, cutarwa kuwa sai an tabbatar da ita. Mace ta gaji, an ɗage zama sau uku, shaidunta sun noƙe, sai wani ya raɗa mata cewa ta mayar masa da sadakinsa ta huta. Haka matar da aka fasa wa baki take komawa gida tana neman rancen kuɗin da za ta biya wanda ya fasa mata bakin. A ganina babu wurin da amfanin lauya yake bayyana kamar nan. Shi ne zai ce mata ta dakata. Shi ne kuma ya san cewa a Malikiyya, matar da ta yi hul'i daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta tilasta ta, tana da damar karɓo abin da ta biya, sakin kuma yana nan daram.

To amma ina hujjar? Ƙa'idar kotu ita ce mai da'awa shi zai kawo shaida, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Abin da ya faru a ɗaki da tsakar dare, wa ya gani? Maƙwabta sun ji ihu, amma ba mai son a gan shi a kotu yana ba da shaida a kan mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci. 'Yan uwanta na jini sun sani, sai dai lauyan miji zai soki shaidar uwa da uba da cewa ba sa shaida don amfanin 'yarsu. Nan ake gane wanda ya yi karatu. Malaman Malikiyya sun karɓi shaidar ji a maganar cutarwa, wato mutanen kirki su shaida cewa labarin ya bazu a unguwa, mata da masu aiki da maƙwabta duk suna faɗa. Lauya zai nemi katin asibiti, ya nemi hoton rauni, ya bincika ko an taɓa kai maganar wurin mai unguwa ko ofishin Hisba aka rubuta yarjejeniya miji ya sa hannu. Takarda guda da miji ya rubuta da hannunsa cewa ba zai sake ba ta fi kuka na awa biyu nauyi a gaban alƙali. Shi ya sa lauyoyin wannan fanni suke da magana ɗaya da suke nanata wa mata da iyayensu: kada a yar da takarda, kada a goge saƙo, kada a yi sulhu da baki kawai.

Musun saki ma wani babi ne mai ciwo. Mutum ya furta uku cikin fushi, gari ya waye ya ce bai yi ba, ko ya ce ɗaya ya yi. Mace ta san abin da kunnenta ya ji, tana tsoron zaman haram, shi kuma ya dage. Kotu za ta nemi shaidu biyu maza adalai. In saƙon waya ne, sai a shiga maganar lambar wa ce, wa ya riƙe wayar, me ya yi nufi da lafazin. Lauyan da ke tsaya wa miji a irin wannan shari'a yana kan siraɗi. In mutumin ya gaya masa a ofis cewa lallai ya yi sakin, dokar aikin lauya ta hana shi taimaka masa ya yaudari kotu, kafin ma a zo maganar tsoron Allah. Akwai masu cewa "Alhaji, wannan ba zan iya tsaya maka a kai ba," su mayar masa da kuɗinsa. Akwai kuma masu karɓa. Irin na biyun ne suka ja wa sana'ar sunan da take fama da shi a bakin mutane.

A hul'i kuwa ciniki ake yi, kuma ciniki mai zafi. Asalin hukuncin daga matar Sabitu ɗan Ƙaisu ne, wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Amma mijin da aka kawo ƙara yakan zo da dogon lissafi: lefe, kuɗin gaisuwa, na gani ina so, abincin biki, har da kuɗin da zai auri wata. Malikiyya ba ta hana a fanshi kai da fiye da sadaki ba in an yarda, sai dai alƙalai da yawa sukan tsayar da abin a kan sadaki ko kusa da shi idan suka ga miji yana son mayar da hul'i hanyar azabtarwa. Aikin lauyan mace shi ne ya ja lissafin ya dawo ƙasa, ya kuma kula kada a cusa mata sharaɗin da zai dame ta gobe, kamar ta yafe riƙon 'ya'yanta ko ta ɗauki nauyin ciyar da su ita kaɗai. Mace mai son ta tsira takan amsa komai a wannan rana. Bayan shekara biyu ne take gane abin da ta sa wa hannu.

Maganar 'ya'ya ita ce inda al'ada da littafi suka fi rabuwa. Abin da aka saba shi ne uba ya aiko a karɓi yaro da zarar an yaye shi, ko ya ce da ya kai bakwai nasa ne. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wani bare, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan sauran mata na ɓangarenta irin su 'yar uwarta, kafin a zo kan dangin uba. Ciyarwa da tufatarwa da magani duk suna kan uba, a duk hannun da yaran suke. Haƙƙin yana da sharuɗɗa, na hankali da amana da lafiya da tsaron wurin zama, kuma ta nan lauyan miji yake shigowa. Na sha jin takaicin yadda wasu suke mayar da wannan dama hanyar ɓata wa uwa suna a bainar jama'a, a gaban yaran da za su girma su ji abin da aka faɗa. Uba yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da kula da tarbiyyarsu, kuma lauya nagari yana iya kare masa wannan ba tare da ya yaga mutuncin uwarsu ba.

Sai kayan ɗaki. Gado da katifa da kujeru da kwanuka da iyayenta suka yi mata nata ne, amma firji da talabijin da aka saya bayan aure fa? Ƙa'idar ita ce in ba shaida, abin da aka san mata da shi a ba mace da rantsuwarta, abin da aka san maza da shi a ba namiji da tasa. Shari'ar Musulunci ba ta raba dukiyar miji biyu saboda saki. Matar da ta sayar da sarƙarta ko ta zuba kuɗin adashinta a ginin gida sai ta tabbatar rance ne ko tarayya, in ba haka ba a ce kyauta ta yi. Haka kuma mata da yawa ba su san cewa zaman idda a gidan miji haƙƙinsu ne, da ciyarwa in sakin na kome ne ko akwai ciki. Sai a kwashe kaya a daren da aka yi sakin, a bar haƙƙin a baya.

Ba kowace shari'a ce ya kamata ta kai ga hukunci ba, kuma lauyan da ya san aikinsa ya fi kowa sanin haka. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kuma Malikiyya ta ba su ikon haɗawa ko rabawa. Alƙalai sukan ɗage zama su ce a je a nemi waliyyai. Hukumar Hisba ta Kano, wadda dokar 2003 ta kafa, tana kashe irin wannan wuta kullum kafin ta kai kotu. Mutane suna cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, kuma lauya mai gaskiya yakan faɗa wa wanda ya ɗauke shi haka tun ranar farko. Sai dai akwai sulhun da zalunci ne. Mayar da mace gidan da ake dukanta da sunan haƙuri, ba sharaɗi ba rubutu, ba gyara ba ne. Sulhun da lauya ya kamata ya sa hannu a kai shi ne wanda aka rubuta, aka faɗi adadin kuɗi da ranar biya da ranakun ganin yara, aka kai gaban alƙali ya mayar da shi hukunci.

Tambayar nan ta wane irin aure aka ɗaura ba ta banza ba ce. Duk wanda ya yi auren rajista, ko cikin Hausawa Kirista na Wusasa ko Sabon Gari ko Jos ko waninsu, har da Musulmin da suka je rajista don neman biza, aurensu yana ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1970, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke iya warware shi. A can dalili ɗaya ne, a nuna auren ya lalace yadda ba ya gyaruwa, ta hanyar zina da ba a iya jurewa, ko mugun hali, ko gujewa na shekara guda, ko zama a rabe shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko shekara 3 ko da ya ƙi. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da a kan 'yan dalilai irin su zina. Hukuncin farko ma na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 yake tabbata, kuma wanda ya yi sabon aure kafin nan ya jawo wa kansa laifi. A wannan kotu alƙali yana da ikon raba kadara da yanke kuɗin kulawa, kuma maslahar yaro ce kan gaba a maganar riƙo. Hanya ce ta takardu da ƙa'idoji, wuya ne mutum ya bi ta shi kaɗai.

Kuɗin aiki kuwa ya danganta da lauya da gari da nauyin shari'a. Akwai na shawara, akwai na ɗaukar shari'ar, akwai wanda ake bayarwa duk ranar zama. Wannan na ƙarshe shi ne ƙofar ɓarna, domin lauyan da ba ya tsoron Allah yana cin riba a duk ɗagewa, ya riƙa neman uzuri yau da gobe, mace tana zaune ba aure ba saki. Mai neman lauya ya kamata ya tambayi jimillar kuɗin tun farko, a rubuta, ya karɓi rasit, ya kuma tambaya kai tsaye ko lauyan ya saba tsayawa a kotun Shari'a, domin gwanin shari'ar fili ko ta banki ba lallai ya san babin hul'i ba. Wanda ya yi maka alƙawarin nasara, ko ya ce a kawo na alƙali, a guje shi. Waɗanda ba su da hali kuma akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da lauyoyi masu zaman kansu da suke ɗaukar wasu shari'o'in kyauta. Ba su wadatar ba, musamman a ƙauyuka, inda mafi yawan mata har yanzu su kaɗai suke tsayawa.

Wani abin da ke wahalar da sana'ar shi ne rashin rubutacciyar dokar iyali guda da kowane alƙali zai bi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar a 2017, aka yi ta muhawara. Muddin babu ita, hukunci yakan bambanta daga kotu zuwa kotu gwargwadon ƙaulin da alƙali ya rinjayar, shi ya sa lauya yake sa ido a kan abin da ake rubutawa a kundin shari'a tun zaman farko. In alƙali ya manta da i'izari, wato bai tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ba, wannan kaɗai yana iya rushe hukuncin a sama. Matakan kuwa suna da yawa: Babbar Kotun Shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, har Kotun Ƙoli, kuma kowane mataki yana da wa'adin da in ya wuce sai an roƙi izini.

Ranar hukunci ma aikin bai ƙare ba. Dole lauya ya karɓo wa mace takardar kotu mai ɗauke da ranar da auren ya mutu, domin daga ranar ake lissafin idda, kuma ita za a nema in wani aure ya zo. Kuɗin ciyarwa da aka yanke, uba yakan biya wata biyu ya tsaya, sai an koma an nemi kotu ta zartar da hukuncinta, in ma'aikaci ne a nemi a riƙa cirewa daga albashinsa. Abin da aka yanke bana kuma baɗi ba ya sayen rabin abin da yake saye, yara sun shiga makaranta, ga kuɗin littafi da na asibiti, sai a sake shigar da buƙatar ƙari a gaban alƙalin, a sake kai wa uban sammaci.